Rantsuwa da Mubaya'a: Nazarin Bikin 29 ga Mayu

Daga cikin al'adun da zamani ya kawo mana, waɗanda kakanninmu ba su san su ba amma mu muka rungume su har suka zama kamar da su aka haife mu, akwai taron nan da ake yi a Dandalin Eagle na Abuja duk bayan shekara huɗu, ran 29 ga watan Mayu, inda ake tsai da mutum guda a gaban Alƙalin Alƙalai da manyan baƙi na gida da na ƙetare, a sa shi ya maimaita waɗansu kalmomi da aka rubuta tun ba a san shi zai ci zaɓe ba, sa'an nan a buga igwa sau 21, a shaida wa duniya cewa ga sabon shugaba. Daga 1999 zuwa 2023 an yi wannan taro sau bakwai a jere ba yankewa, abin da ƙasar ba ta taɓa samu ba tun da aka kafa ta. Al'adar da ta kai wannan shekaru kuwa ta isa a zauna a yi mata duban tsanaki, a rarrabe rukuninta da adonta, a ga wane alkawari take ɗauka, wane kuma take da ikon cikawa.

Asalin abin ba mai nisa ba ne. Abin da aka yi a filin sukuwa na Legas ran 1 ga Oktoba, 1960, karɓar takardun 'yancin kai ne, waɗanda Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya amsa daga hannun Gimbiya Alexandra, wakiliyar Sarauniyar Ingila. Sai da aka zo 1979, aka ajiye tsarin Ingila aka ɗauko na Amurka, inda tun zamanin George Washington a 1789 shugaba yake yin rantsuwa a bainar jama'a ya bi ta da jawabi, sa'an nan muka ga wannan siga a ƙasarmu: ran 1 ga Oktoba na shekarar, a wancan filin dai, wanda a lokacin an riga an sa masa sunan Tafawa Ɓalewa, Alƙalin Alƙalai Atanda Fatayi-Williams ya rantsar da Alhaji Shehu Shagari, Janar Olusegun Obasanjo kuma ya miƙa mulki ya tafi gonarsa.

Abin da doka ta wajabta ɗan kaɗan ne ƙwarai. Sashe na 140 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda aka zaɓa ba zai fara aikin shugaba ba sai ya bayyana kadarorinsa da basussukansa, ya kuma yi rantsuwa biyu, ta biyayya ga ƙasa da ta kama aiki, a hannun Alƙalin Alƙalai. Fareti da igwa da zagayen fili a buɗaɗɗiyar mota, kai har jawabin kansa, babu ko ɗaya da yake sharaɗi. Lamarin ya yi kama da aure: rukunnansa waliyyi ne da sadaki da siga, a kuma kafa shaidu, amma kamu da ɗaukar amarya da walima biki ne, da su da babu su aure ya ɗauru. Hujja a kan haka ita ce safiyar 6 ga Mayu, 2010, kashegarin rasuwar Shugaba Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin da aka rantsar da Goodluck Jonathan a cikin fadar shugaban ƙasa, ba ganga ba algaita, shugabancinsa kuma ya inganta kamar na kowa.

To, amma kafin wannan siga ta iso mu, muna da tamu hanyar ɗaura mulki, wadda malamai suka yi dogon bayani a kanta, watau mubaya'a. Imam Mawardi, wanda ya rasu a Bagadaza a 1058, ya tafi a kan cewa shugabanci ƙulli ne tsakanin ɓangare biyu: ma'abota warwara da ƙullawa su zaɓa, wanda aka zaɓa ya karɓa, wajibai goma su hau kansa, in ya tsayu da su ɗa'a da taimako su zama haƙƙinsa a kan jama'a, in kuwa adalcinsa ya rushe to haƙƙin ya rushe tare da shi. Tushen wannan fahimta shi ne huɗubar da Sayyadina Abubakar Siddiƙu, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi a shekara ta 11 bayan Hijira, inda ya nemi a taimake shi in ya kyautata, a miƙar da shi in ya karkace, ya kuma rataya biyayyar mutane gare shi a kan biyayyarsa ga Allah da ManzonSa. A kan wannan tafarki jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka yi masa caffa a Gudu a 1804, bayan hijira daga Degel, hannu cikin hannu, mai karɓa da mai bayarwa kowa yana ganin idon ɗan'uwansa.

Ba na so a ɗauka cewa wannan kyakkyawan tsari ya wanzu yadda aka rubuta shi. Tun Shehu yana raye ƙaninsa Malam Abdullahi ya ga alamun son duniya a cikin jama'a har ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsai da shi, a nan ya wallafa musu Liya'ul Hukkami domin su san yadda ake hukunci. Kuma ba a daɗe ba sarauta ta koma gado, talaka ya koma ɗan kallo, ana naɗa rawani ana yafa alkyabba, ana miƙa tagwayen masu a Kano ko takobin nan Gajere a Katsina, shi kuwa nasa kawai ya ce Allah Ya ja zamanin sarki. Da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sai suka ƙara wani abu: sarki ya dafa Alƙur'ani ya yi rantsuwar biyayya ga Sarkin Ingila da wakilinsa, a ba shi sandar girma. Daga wannan rana alkawarin mai mulki ya juya fuska, ya daina kallon waɗanda ake mulka, ya koma kallon wanda ya ba da sanda. Kuma ina ganin har yau ba mu gama juyo da shi ba.

Bikin da na fi tsayawa na kalla da natsuwa shi ne na 2015, wanda ya faɗo ran Juma'a. A zauren wani maƙwabcinmu aka fito da talabijin aka ɗora bisa tebur, aka ta da janareta don an ɗauke wuta tun dare, manya a kan tabarmi, yara sun cika ƙofa har sun tare iska. Samari suna ta "Sai Baba!" duk sa'ad da aka nuno fuskar Janar Muhammadu Buhari, amma wani dattijo, malamin allo ne a unguwar, bai ce uffan ba har aka zo wurin da Alƙalin Alƙalai Mahmud Mohammed ya miƙe, aka ga Alƙur'ani a hannun mai rantsuwa. Nan ya gyara zama ya ce, "Da alwala dai ko?" Aka ce masa ai ba a rasa ba. Ya ce wa wani ɗan makaranta ya riƙa fassara masa, domin da Turanci ake yi. Yaron yana kamo jimla ɗaya biyu suna kuɓuce masa, har aka gama. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "To, ya ɗaure kansa." Wannan magana ta nuna mini cewa mafi yawan masu kallo ba lafazin suke saurare ba, Littafin suke kallo, domin a wurin Bahaushe wanda ya dafa Alƙur'ani ya kai ƙarshen abin da ɗan Adam yake iya bayarwa jingina, kuma kowa ya taso yana jin ana cewa Alƙur'ani yana cin mai rantsuwar ƙarya.

Bayan haka aka zo wurin tutoci. Sojoji suka sauko da tutar ƙasa da ta rundunonin tsaro a hankali, suka ninke, aka kai wa shugaba mai barin gado, shi kuma ya miƙa wa wanda ya kayar da shi a zaɓe, aka ɗaga sababbi. Samarin zauren sun ɗauki wannan a matsayin jan lokaci, waɗansu har sun fara duba agogo saboda masallaci, sai dattijon nan ya ce musu, "Ku ba ku san kiɗan soja da asuba ba." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya rayu a ƙasar nan daga 1966 zuwa 1998 ya san cewa sauyin shugaba ba a fili ake ganinsa ba, a rediyo ake jinsa: a wayi gari an katse shirye-shirye, baduja tana tashi, can wata murya da ba a sani ba ta ce an rufe iyakoki an sa dokar hana fita. An kashe Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, aka kashe Ironsi a Yulin shekarar, aka kifar da Gowon a 1975 yana taro a Kampala, aka harbe Murtala ran 13 ga Fabrairu, 1976. Shagari da aka rantsar karo na biyu ran 1 ga Oktoba, 1983, wata uku kacal ya ƙara, wanda ya gaje shi ta bakin bindiga kuwa shi ne Buharin nan da yake tsaye a Dandalin Eagle yana karɓar tuta, bayan shi ma an kifar da shi a 1985, ya kuma faɗi zaɓe sau uku.

Saboda haka ra'ayina shi ne mutumin da ya fi muhimmanci a wannan taro shi ne mai tafiya. Mai shigowa bai yi kome ba tukuna sai alkawari, amma mai fita yana aikata abu a gaban idon kowa: yana da soja da 'yan sanda da baitulmali a hannunsa har zuwa wannan sa'a, ya ajiye su ya shiga mota. A 2015 nauyin abin ya ninka, domin mutane ba su manta da tarzomar bayan zaɓen 2011 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 800, har baƙi da yawa sun kwashe iyalansu sun koma garuruwansu kafin a kaɗa ƙuri'a. Sai ga shi ran 31 ga Maris, tun ba a gama sanar da sakamako ba, Jonathan ya ɗaga waya ya taya abokin takararsa murna, ran 29 ga Mayu kuma ya miƙa tuta ya nufi Otuoke. Mutum yana iya kushe mulkinsa ta fuskoki da yawa, ni ma ina cikin masu kushewa, amma wannan aiki guda ya ba bikin ma'anar da fareti dubu ba zai ba shi ba.

Inda al'adar take da rauni shi ne rantsuwar kanta. Lafazinta, kamar yadda yake a Jadawali na Bakwai, mai kyau ne: shugaba yana ɗaukar alkawarin kiyaye tsarin mulki da kare shi, da cewa son ransa ba zai shiga cikin hukuncinsa ba, zai yi wa kowane irin mutum adalci ba tsoro ba son kai, zai kuma yi ƙoƙarin kiyaye manyan manufofin ƙasa da ke Babi na Biyu, inda aka ambaci tsaron rayuka da walwalar jama'a da ilmi da abinci da matsuguni. Malaman fiƙihu kuwa sun tafi a kan cewa rantsuwar da aka yi domin haƙƙin wani ana ɗaukarta ne bisa niyyar wanda ya nemi a rantse masa, mai rantsuwa ba shi da damar ɓoye wata manufa a zuciyarsa. Wanda ya nema a nan talakawa ne, su kuwa abin da suke nufi a fili yake, watau su kwana lafiya, su yi noma lafiya, su sayi hatsi da abin da ke aljihunsu. Sai dai fiƙihu ya tanadi kaffara ga wanda ya karya rantsuwa, ciyar da miskinai goma ko tufatar da su ko 'yanta wuya, in bai samu ba azumin kwana uku, ya kuma keɓe rantsuwar ganganci a kan ƙarya, wadda ake kira gamusa, ya ce ita ta fi ƙarfin kaffara sai tuba. Dokar ƙasa ita ko miskinai goman ba ta tanada ba. Sashe na 6 ya hana kotu sauraron ƙara a kan ko gwamnati ta cika manufofin Babi na Biyu, sashe na 308 ya yafa wa shugaba rigar kariya muddin yana kan mulki, hanyar da ta rage ita ce tsigewa, wadda take bukatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa, ba a kuwa taɓa kai ta ƙarshe a kan shugaban ƙasa ba. Da aka fara aiki da ita a kan gwamna, watau Alhaji Balarabe Musa na Kaduna a Yunin 1981, kowa ya san rikicin jam'iyya ne ya ci shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗan fi mu tsanantawa a lafazi, domin a tsarin mulkinsu na 2010, kafin a dakatar da shi a 2023, shugaba yana dafa littafin addininsa ya yarda da bakinsa cewa in ya ci amanar rantsuwa doka ta hau kansa. Duk da haka lafazi bai tsare kowa ba: ran 2 ga Afrilu, 2021, Mahamadou Issoufou ya miƙa wa Mohamed Bazoum, karo na farko da zaɓaɓɓe ya gaji zaɓaɓɓe a tarihin ƙasar, ran 26 ga Yuli, 2023 kuma masu gadin fadarsa suka tsare shi.

Jawabi kuwa, ko da yake ba sharaɗi ba ne, shi mutane suka fi riƙewa, kuma abin mamaki jimla ɗaya tak ce take tsira daga kowanne. Na 'Yar'aduwa a 2007 an tuna shi da cewa ya amsa da bakinsa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, furucin da ba a saba jinsa daga wanda ya ci riba ba. Na Buhari a 2015 an tuna shi da cewa shi na kowa ne kuma ba na kowa ba, maganar da aka yi ta tafsirinta a majalisun hira wata da watanni, alhali ministoci ba a rantsar da su ba sai a Nuwamba. A 2019 bai yi jawabi ba sam, aka ɗage shagali zuwa 12 ga Yuni. Na Bola Ahmed Tinubu a 2023 shi ne ya nuna iyakar ƙarfin wannan mumbari: ya ce tallafin man fetur ya tafi, kafin magariba gidajen mai sun rufe ƙofa ko layi ya miƙe, cikin kwana biyu litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, kuɗin mota da na masara suka bi bayanta. Masana tattalin arziki suna da hujjojinsu a kan cire tallafin, ba kuma nan ne wurin tattauna su ba. Abin lura ga mai nazarin al'ada shi ne kalmomin da aka dafa Littafi aka faɗa ba su da wa'adi, waɗanda aka faɗa bayan an ajiye shi kuwa sun zartu kafin baƙi su koma masaukinsu.

Akwai kuma mas'alar da ta fi duk waɗannan damuna, ita ce rantsar da mutum alhali shari'ar zaɓensa tana gaban alƙali. A 1979 ba a yi haka ba. An yi zaɓe ran 11 ga Agusta, Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara cewa Shagari bai sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi 19 ba, tun da ya samu a 12 amma a Kano bai kai kashi 20 cikin ɗari ba. Aka yi ta lissafin nan na sha biyu da biyu bisa uku, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 26 ga Satumba, saura kwana biyar a yi rantsuwa. Mutum yana iya ƙin hukuncin, da yawa sun ƙi shi har yau, amma wanda ya hau mumbari ya hau ba da ƙara a wuyansa ba. A jamhuriyar da muke ciki kuwa, shari'ar zaɓen 2003 ba ta ƙare ba sai a Yulin 2005, ta 2007 sai a Disambar 2008, ta 2023 sai ran 26 ga Oktoba, bayan wanda ake ƙara ya yi kusan wata biyar yana naɗa ministoci da hafsoshi yana sa hannu a kan dokoki. Wane alƙali ne zai dubi wannan duka ya ce a warware, ko da hujja ta tsaya? A jihohi an ga yadda abin yake in an warware ɗin: Chris Ngige ya yi kusan shekara uku yana mulkin Anambra kafin kotu ta ce a 2006 ba shi ya ci ba, Kanawa kuma sun zauna cikin zullumi daga Mayun 2023 har zuwa 12 ga Janairu, 2024, ba su san ko gwamnan da suka ga an rantsar shi ne gwamna ba. A Kenya tsarin mulki ya ba Kotun Ƙoli kwana 14 ta gama shari'ar zaɓen shugaban ƙasa kafin a rantsar da kowa, shi ya sa ta iya soke zaɓen 2017 ba tare da ƙasa ta kife ba.

Haka nan sharaɗin bayyana kadarori, wanda doka ta gabatar da shi a kan rantsuwa, ya zama sirri tsakanin shugaba da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, ana cika takarda a kulle a durowa. 'Yar'aduwa ya buga tasa a jaridu a 2007 bisa raɗin kansa, dukiyar da ta kai kimanin naira miliyan 856, kowa ya gani. Ba wata doka da ta tilasta wa na bayansa su bi sawunsa.

Maganin waɗannan biyu ba sabo ba ne, ba kuma daga waje za a aro shi ba. Kwamitin gyaran zaɓe da 'Yar'aduwa ya kafa a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, mutumin da shi da kansa ya rantsar da Obasanjo a 1999, ya ba da shawara tun 2008 cewa a gama shari'un zaɓe kafin a rantsar da wanda ya ci. Ina kira ga 'yan majalisarmu na tarayya da na jihohi, waɗanda gyaran tsarin mulki yake hannunsu, da su matso da ranar zaɓe baya, su yanke wa kotuna wa'adin da zai ƙare kafin 29 ga Mayu, su kuma wajabta a buga takardar kadarorin shugaba da ta gwamnoni a jaridu, a karanta ta a rediyo da Hausa da sauran harsunan ƙasa ranar hawa da ranar sauka. Mai karatu kuma, in ɗan majalisar mazaɓarka ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi matsayinsa a kan waɗannan biyu kafin ka karɓi atamfa ko taliyarsa.